Ruwan zuma na ce, aka yi min ruwan manja: in koma ko in haƙura?

Assalamu alaikum Adda. Ina zaune a Pantami, cikin garin Gombe. Bikin ƙanwar mijina saura kwana 12. Ranar Asabar da ta wuce na je salun a yi min hailait, ratsin kala sirara-sirara, ruwan zuma, har hoto na nuna a waya. Da aka cire takardun da aka naɗe ratsin gashin a ciki aka wanke kai, sai na ga ruwan manja, kowane ratsi faɗin yatsa biyu, ga dabbare-dabbare kusa da tushen gashi ta gefen hagu. Mai gyaran ta ce ya na gani, na ce Masha Allah ya yi kyau. Na biya naira dubu 18, na shiga Keke na yi ta kuka har gida. Matar ta girme ni, ƙawar yayar mijina ce, Anti nake ce mata, kuma ita za ta yi wa amarya gyaran kai. Maigidana dariya ya yi, wai na koma jakin dawa. Surukata ta ce in kwaɓa lalle in sa ya rufe, ƙawata kuma ta ce in sayo baƙin rini a kasuwa in huta. Sati uku kafin in je na sa rilaksa, na kuma sa lalle a kai wajen wata shida da suka wuce, ba ta tambaya ba, ni ma ban faɗa ba. Yanzu in na taje sai in ga guntayen gashi a kafaɗata. In koma wajenta? Me zan ce bayan na riga na yaba? Zan sake biya ne?

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Ki koma. Ban ga abin dogon tunani a nan ba. Abin da ya fi damuna shi ne abin da za ki yarda a sake shafa miki a kai in kin koma, don guntayen gashin nan da kika ambata a ƙarshen wasiƙarki, kamar abin da bai da muhimmanci, sun fi kalar tayar min da hankali.

Amma bari mu fara da "Masha Allah ya yi kyau" ɗin da ke hana ki barci. Duk macen da ta taɓa zama a kujerar salun ko a gaban makitsiya ta taɓa yin wannan yabon na dole. An riƙe miki madubi ta ƙeya, mata huɗu da ke jiran layi sun zuba miki ido, janareta na ruri a bakin ƙofa, wuyanki ya ƙage, ga wadda ta yi awa uku a tsaye a kanki tana murmushi tana jiran ki yi magana. Me za ki ce? Ita kanta Antin ta san wannan kalma ba rantsuwa ba ce a gaban alƙali. Ta sha jinta daga matan da ba su ƙara taka shagonta ba. Kuma kada ki ƙirƙiro wani uzuri, wai sai da kika je gida kika lura. Ki faɗa mata gaskiya, cewa tun a shagon kika gani, nauyinta ne ya hana ki magana. A wajen babba, "kunyarki na ji" ba zagi ba ne, girmamawa ce, kuma tana buɗe ƙofar da "kin ɓata min kai" ke rufewa.

Yanzu ga abin da ya faru a kanki, don in kin fahimce shi ba za a iya juya ki da magana ba. Hailait ba rini ba ne da ake ɗorawa a kan baƙin gashi. Cire kalar ake yi. Ana kwaɓa hodar bilic da wani ruwa da suke kira dibelofa, wanda sinadarin haidurojin feroksaid ne, yana zuwa da ƙarfi hawa-hawa: mai lamba 10, 20, 30 da 40, wato kashi 3, 6, 9 da 12 cikin 100. Haɗin nan ne ke buɗe bawon silin gashi ya shiga ciki ya ci launin da Allah ya halicce shi da shi. To, baƙin gashi ba ya tsallakawa daga baƙi zuwa ruwan zuma kai tsaye. Sai ya bi ta ja, ya bi ta ruwan lemo, ya kai ruwan ɗorawa, kamar hawa bene. Masu sana'ar suna auna wannan daga 1 zuwa 10, inda 1 ke nufin baƙi wuluk. Gashinmu yawanci 1 ne ko 2. Ruwan zuman da kika nuna a hoto yana wajen 7 ko 8. Ruwan manjan da kika samu yana tsakiyar hanya, wajen 5 ko 6. Ba wata kala ce ta daban Antin ta zuba miki ba, tafiyar ce aka tsaya a rabi.

Zan faɗi abin da ba za ki so ji ba: mai yiwuwa wannan tsayawar ce ta bar miki gashi a kai. Rilaksa na miƙar da gashi ne ta hanyar karya igiyoyin da ke riƙe da ƙarfinsa daga ciki, bilic kuma waɗannan igiyoyin dai yake ƙara ci. Kan da ya sha rilaksa sati uku da suka wuce, a ce za a ɗaga shi hawa biyar ko shida a zama ɗaya, neman rigima ne. Ga kuma lalle. Gashi na tsiro wajen santimita ɗaya ne a wata, saboda haka lallen da kika sa wata shida baya yana nan daram daga wajen santimita shida zuwa ƙarshen gashin. Launin lalle manne wa gashi yake yi, bilic ba ya fitar da shi yadda yake fitar da baƙi, ja-ja yake bari. Shi ya sa nake zargin tushen ya fi haske, jelar ta fi ja. Ki duba ki gani.

Laifin wa ke nan? Naki kaɗan ne, kin yi shiru a kan abin da ba ki san yana da muhimmanci ba. Nata ya fi yawa, don tambayar "yaushe kika sa rilaksa, kin taɓa sa lalle ko rini?" ita ce bismillar wannan aiki. Da ta tambaya, da ta ce miki hoton nan ba zai samu yau ba, watakila ma gashin da ke hoton na kanti ne aka ɗora, ba na kan mai shi ba. Faɗin ratsin kuwa aikin hannunta ne zalla: ta ɗebi gashi da yawa a kowace takarda maimakon ta tsefe shi siriri da jelar mataji. Dabbare-dabbaren tushe kuma yoyo ne. Bilic na kumbura in ya ji ɗumi, in an cika shi ko takardar ta zame, sai ya tsiyayo ya taɓa inda ba a nufa ba. Waɗannan biyun ba sa cikin abin da kuka yi ciniki a kai, kuma duk mai sana'ar da ta san kanta in ta gani a hasken rana za ta gane.

Na taɓa shiga irin wannan, shekarun baya a Bauchi, a wani shagon da ba sai na faɗi sunansa ba. Ni ban ji kunyar komawa ba, washegari da sassafe na koma ina huci. Matar ta rikice, don ta faranta min sai ta sake kwaɓa bilic, wai bari a ƙara haske. Na zauna ina jin daɗi an ji tsorona. Da aka zo wanki, na ji hannunta ya tsaya cak a kaina. Na ɗago na leƙa bahon, sai ga gashina a kwance cikin ruwa kamar taliyar da ta dahu ta wuce misali. Wata takwas ina saka hula a ƙarƙashin ɗankwali, ko a ɗakina. Garin gyaran gira aka rasa ido, kuma rabin laifin nawa ne, ni na matsa mata.

Saboda haka sharaɗi na farko: babu bilic. Ko ta rantse miki da mai lamba 10 za ta yi, ko ta ce minti biyar kawai, amsar a'a ce. Ruwan zuma ya wuce ki a wannan bikin, ki cire shi a ranki. Abin da za ki nema duhuntawa ce da daidaitawa, ba ƙarin haske ba.

Kafin ki je ki yi gwaji biyu a gida. Ki tsinci abin da ke zuba a kafaɗarki ki duba a kan farin ƙyalle. In dogo ne mai ɗan farin kai a ƙarshe, wannan zubar yau da kullum ce, kowa na zubar da sili 50 zuwa 100 a rana. In guntaye ne marasa kai, karyewa ce. Sannan ki jiƙa sili ɗaya daga wurin da aka yi wa kala, ki ja shi a hankali tsakanin yatsu. Lafiyayyen gashi zai ɗan miƙe ya koma. In ya yi ta tafiya kamar cingam bai dawo ba, ko ya tsinke nan take, to kan nan ba zai ɗauki wani sinadari ba a yanzu, ko mai sauƙi ne. A wannan halin sai sitimin, datse bakin da ya mutu, da ɗaurin ɗankwali mai kyau ranar biki. Ba ke za ki fara ba, rabin matan da ke wajen kamu ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashin ashobinsu.

In kuwa gashin ya riƙe, gyaran da kike buƙata sunansa tona, ba tonon asiri ba, wani rini ne mai sauƙi da ake haɗawa da ruwa mara ƙarfi, a bar shi minti 10 zuwa 20. Ba ya ƙara haske, kashe kaifin kala yake yi. Kin san bular da ake sa wa farar shadda in ta fara ja-ja? Hikimar ɗaya ce: shuɗi na kashe ruwan lemo, shunayya na kashe ruwan ɗorawa. (Na san halin matanmu, don haka bari in faɗa: ba a sa bular wanki a kai.) Wannan bambancin ki riƙe shi da kyau, don mai kanti zai iya tura miki shamfu mai ruwan shunayya ya ce shi ne maganin, alhali na masu ruwan ɗorawa ne, a kan ruwan manja kusan aikin banza zai yi. Naki mai shuɗi ne. Abin da za ki samu bayan tona shi ne ruwan ƙasa mai ɗumi, kamar ɓawon dabino, ko shayin da aka ɗiga wa madara kaɗan. A kan fatarmu, ni a ganina ya ma fi ruwan zuman kyau. Inda lallen ya kama sosai zai ɗan ci gaba da ja, ki sa ran haka. Faɗin ratsin kuma ana karya shi ne da abin da suke kira lolait: a tsefo sirara daga cikin kowane faffaɗan ratsi a mayar da su duhu kusa da asalin kalarki, sai jakin dawan ya ɓace. Dabbaren tushe ana shafe shi da rini mai duhu a wurin kaɗai. Duk waɗannan zuba kala ne, ba cirewa ba, shi ya sa gashi mai rauni ke iya ɗauka. Sai dai ki sani tona na koɗewa da wanki, cikin sati huɗu zuwa shida jan zai fara leƙowa, a sake.

Shawarar surukarki, Allah ya ƙara mata lafiya, a kan baƙin gashi ko furfura take aiki yadda ta sani. A kan gashin da aka yi wa bilic, lalle ƙara wa wutar fetur zai yi: ruwan manja ya koma jan wuta, kuma in ya kama ya kama ke nan, tona ba zai ƙara yin tasiri yadda ake so ba. Ba sai kin yi mata musu ba. Ki ce, "To Hajiya, bari in fara komawa wajen mai gyaran ta gani tukun," magana ta wuce.

Ta ƙawarki ta fi haɗari. Baƙin rinin kwali na rufe komai cikin rabin awa, gaskiya ne, amma fitar da shi daga baya sai da bilic mai tsanani, ga shi gashin da ya sha bilic ba ya riƙe kala daidai, yana iya koɗewa ya bar miki wani dusu-dusu mara fasali. Babbar matsalar ita ce yawancin rini mai duhu na ɗauke da sinadarin PPD, shi ne dai wanda ke cikin dayis ɗin da ake zana mana a hannu lokacin biki. Macen da dayis ya taɓa yi wa ƙaiƙayi, ƙuraje ko ƙuna a wurin zane, jikinta ya riga ya ɗauki gaba da sinadarin, ranar da ta sa rini a kai fuska na iya kumbura har ido ya rufe. Wannan ya shafi tona da lolait ɗin ma, don haka kowane rini za a sa miki, a fara ɗiga kaɗan a bayan kunne ko lanƙwasar gwiwar hannu a jira awa 48. In kin taɓa samun matsala da dayis, ki faɗa mata tun kafin ta buɗe kwalba. In kuma wani abu ya sa fuska ko leɓe suka kumbura, ko numfashi ya yi nauyi, ba a jiran gari ya waye, sai Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru nan take. Akwai ma maganar malamai a kan rini da baƙi tsantsa, daga hadisin Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, da aka kawo ranar buɗe Makka kansa fari fat, aka ce a canza furfurar amma a nisanci baƙi. Sun yi saɓani a kan iyakar hukuncin, wannan sai ki tambayi malamarku ta Islamiyya.

To, yaya za ki tunkare ta? Yau ɗin nan, ba gobe ba. A wannan sana'a ƙorafin da ya zo cikin satin farko gyara ne, wanda ya zo bayan wata guda kuwa za a ce ruwan gidanku ne ko man da kike shafawa. Ki tsaya bakin taga da hantsi ki sa a ɗauki kanki hoto ta gaba, ta gefen hagu da ta sama, ba filashi, ba tace hoto. Kada ki tura mata hotunan haka kawai su faɗo mata a waya kamar sammaci. Ki kira, ko ki yi mata saƙon murya a WhatsApp, ki gaishe ta yadda kika saba, ki tambayi yara da aiki, sannan ki ce kina son ki zo ta duba miki kan, wane lokaci ne shago ba cinkoso. Kada ki je Juma'a ko Asabar, ranakun amare ne, ba za ta saurare ki ba ko tana so. Talata ko Laraba da safe, kafin mutane su taru. Ki je ke kaɗai. In da yaran shago a wurin, ki ce, "Anti, ɗan zo mu shiga ciki." Wanda aka gyara wa kuskure a gaban yaransa, kare kansa zai yi ko ya san bai da gaskiya.

In kun keɓe, ki zame ɗankwalin ki bar idonta ya fara yin aikin. Sannan ki ce wani abu kamar haka: "Anti, wallahi ranar nan nauyinki na ji shi ya sa ban yi magana ba. Ga hoton da na nuna, ga yadda ya fito. Kalar ta yi ja da yawa, ratsin ya yi faɗi, nan gefen kuma ya ɗiga. Ni ma ban gaya miki na sa rilaksa da lalle ba. Ban so in kai kaina wani wuri ba ki gani ba. Me za a iya yi ba tare da an ƙara bilic ba?" Ki lura da abin da ke cikin maganar. Kin ambaci abu uku da ido ke gani, ba ki ce "bai yi min ba" kawai ba, wanda ba a san ta inda za a kama shi ba. Kin ɗauki naki kason. Kin kuma bar mata matsayinta na gwana da tambayar ƙarshe, amma kin gindaya iyakarki a ciki. Bayan nan ki yi shiru. Shirun zai yi miki nauyi, za ki ji kamar ki ce "ai ba komai ma, bar shi." Ki cije. Kada kuma ki yi ta jera ban-haƙuri, ba ke kika yi laifi ba.

Amsarta ce za ta gaya miki ko za ki sake zama a kujerarta. In ta taɓa gashin, ta ja sili ta gani, ta yi maganar tona ko duhuntawa, ta yarda a gwada a ɗan tsagi ɗaya ta ƙeya kafin a yi duka, to hannu mai kyau ne da ya yi kuskure, ki zauna. Ki nemi ganin kwalbar da za ta yi amfani da ita, ki duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, ba rashin yarda ba ne. In kuwa ta ce ai haka ake yayi, ko ta ce gashinki ne mai taurin kai ta tsaya a nan, ko ta miƙa hannu wajen hodar bilic, ko kika fahimci ba ta ma san tona ba, ki yi mata godiya ki ɗaura ɗankwalinki. Shaguna da yawa sun iya kitso, wanki da sitimin sosai, amma haɗa kala fanni ne daban, ba kowa ya koye shi ba. Sai ki nemi wadda kika ga aikinta a kan wata da idonki, ba a hoton Instagram ba, ki gaya mata duk abin da kan ya sha, har da kwanan wata.

Batun kuɗi. Ba ki da bashin ladan aiki na biyu. Kin biya a yi miki abu kaza, ba a yi ba, gyara cikon aikin farko ne. Ko tela in ya ɗinka ba daidai ba, mayar masa ake yi ya farke, ba a sake biyansa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ita ma ta ba wanda aka yi wa aiki mara inganci damar neman a gyara ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Ban ce ki kai ƙawar yayar mijinki ƙara a kan dubu 18 ba, na faɗa ne don ki san ba alfarma kike roƙo ba. Amma ni da ni ce, tunda akwai zumunci a tsakani, kuma kayan kala da tsada suke shigowa, zan ce, "Anti, in tonan sai an sayo, ni zan saya." Ke kayan, ita hannu. Ki faɗi wannan tun kafin a jiƙa kai, kada a gama ku tsaya kallon-kallo a bakin teburin kuɗi. In ta ƙi gyaran gaba ɗaya, ki nemi rabin kuɗinki sau ɗaya, cikin ladabi. Ta bayar, madalla. Ta hana, ki bar mata, zaman lafiyarki da dangin miji ya fi dubu tara.

Kada ki sa hoton kan a sitatus da 'yar maganar habaici. Gombe ba ta da girman da kike tsammani, kafin la'asar an tura mata. Kada kuma ki bi ta wajen yayar mijinki, don da zarar ta shiga, magana ta tashi daga gashi ta koma "matar ƙanena ta ci mutuncin ƙawata," a satin biki. Akwai dai abu ɗaya da ban so ki rufe baki a kansa: in kin ji ana shirin yi wa amarya kala, ki ja ta gefe ki ce ta tabbata an tambaye ta rilaksa da lalle, an kuma yi gwaji. Ba sai kin kushe kowa ba. Shi kuwa maigida da jakin dawansa, ki bar shi ya gama dariyarsa, sannan ki miƙa masa lissafin tona da na sitimin.

Kwana 12 sun isa in ba ki ɓata su ba. Ki je ta gani a yi gwajin bayan kunne, ki yi sitimin cikin kwana biyun jiran, a yi gyaran saura kamar sati guda biki, don in wani abu bai zauna ba a sami sararin taɓawa. Kada ki yarda a kai shi jajibirin kamu, ranar hankalinta na kan amarya. Daga nan zuwa wata biyu ki yi wa kan nan hidimar mai jego. Babu abin miƙar da gashi mai zafi, babu kitso mai ɗaurewa, a yi miki manya-manyan kalaba sako-sako. Rilaksa na gaba ki ɗaga shi iya yadda za ki iya, in an zo yi kuma a sabon tsiro kaɗai, kada ya taɓa wurin kalar. Wanki sau ɗaya a sati ya isa, da kwandishina kowane lokaci. Karkashi na da kyau wajen warware shi ba tare da fizga ba. Man kaɗanya ko na kwakwa a kan gashi mai ɗan danshi ake sa shi, don shi man riƙe danshi yake yi, ba ya kawo shi, kuma iskar hunturun Gombe ba ta da tausayi ga gashin da bawonsa ke buɗe. In ruwan burtsatse kuke saye a wajen 'yan garuwa, wani yana da ƙarfe-ƙarfe a ciki da ke ƙara wa kala ja, ki yi ɗaurayar ƙarshe da fiya wata leda uku ko huɗu. Da dare ki ɗaura ɗankwali mai santsi, ba atamfa ba.

Guntayen da kika tsince a kafaɗa, ki zuba kaɗan a 'yar takarda ki tafi da su a jaka. In ta ce gashin lafiyarsa ƙalau zai ɗauki bilic, ki buɗe ki ajiye mata a kan tebur.